Manhajar kama ɗalibi ba za ta ceci aikin gida a jami'a ba

Shekara da shekaru tsarin jami'a ya dogara ga abu ɗaya: malami ya ba da tambaya, ɗalibi ya tafi ya rubuto shafi biyar, ya kawo bayan mako biyu, a duba a ba shi maki. Rubutun shi ne shaidar cewa ya karanta kuma ya fahimta. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022 wannan shaida ta yi rauni, domin ƙirƙirarriyar basira na iya fitar da shafi biyar ɗin cikin minti ɗaya, da gabatarwa da kammalawa, babu kuskuren nahawu.

Jami'o'i sun fara da hani. Sciences Po ta Faransa ta taƙaita amfani da ChatGPT tun a Janairun 2023. Daga nan hankali ya koma kan manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura, kuma a nan ne ake ta asarar kuɗi da mutuncin ɗalibai.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa irin wannan manhaja tana aiki kamar mai binciken satar rubutu. Ba haka ba ne. Mai binciken satar rubutu yana kwatanta aikin ɗalibi da miliyoyin takardu, ya nuna wa malami ainihin sakin layin da aka kwafo da inda aka samo shi. Hujja ce da ido ke gani. Ita kuwa mai gane rubutun na'ura ba ta da abin kwatantawa, domin rubutun sabo ne. Abin da take aunawa shi ne yadda kalmomi ke bin juna: idan kowace kalma ita ce wadda aka fi tsammani a wurin, kuma jimloli sun yi kusan tsayi ɗaya, sai ta ce na'ura ce. Hasashe ne kawai, an sa masa lamba ta kaso cikin ɗari don ya yi kama da tabbas.

Wa ke rubutu da kalmomin da aka fi tsammani? Wanda ya koyi harshen a makaranta, yake bin ƙa'ida sau da ƙafa don tsoron kuskure. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai a 2023 da rubuce-rubucen jarrabawar TOEFL ta gwada iya Turanci, waɗanda mutanen da Turanci ba harshensu na farko ba ne suka rubuta da hannunsu. A matsakaici, fiye da kashi 60 cikin 100 an yi musu shaidar zur cewa na'ura ce ta rubuta. OpenAI kansa ya fitar da tasa manhajar a Janairun 2023, ya janye ta a Yuli saboda rashin inganci: kashi 26 kacal na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 na rubutun mutane laifi. Turnitin, manhajar binciken satar rubutu, ta ƙara ɓangaren gane rubutun na'ura, amma ko alƙawarinta na kuskure ƙasa da kashi 1 bai gamsar da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ba. Sun yi lissafi: takardu 75,000 suka tura a 2022, kashi 1 daga ciki takardu 750 ne da za a iya zargin masu su ba gaira ba dalili. A Agustan 2023 suka kashe wannan ɓangare.

Idon malami ma ba abin dogaro ba ne. A Jami'ar Reading ta Ingila an shigar da amsoshin da na'ura ta rubuta cikin jarrabawar gida ta sashen nazarin halayyar ɗan Adam ba tare da sanin masu dubawa ba. Kashi 94 sun wuce ba a gane su ba, kuma makinsu ya ɗara na ɗaliban gaskiya a matsakaici.

Abin da ya rage shi ne a sauya yadda ake neman shaida. Mafi sauƙi a fara da manazarta. Manhajoji irin su ChatGPT, musamman idan ba a haɗa su da binciken intanet ba, sukan ƙirƙiro taken maƙala mai daɗin ji, su jingina shi ga marubuci na gaskiya da mujalla ta gaskiya, alhali maƙalar ba ta taɓa wanzuwa ba. A zaɓi guda uku daga jerin manazartar, a sa lambar DOI ta kowace, wato lambar shaidar maƙala, a shafin doi.org. Idan ba ta buɗe ba, ko ta buɗe wata maƙala dabam, a nemi taken a Google Scholar, shafin binciken maƙalolin ilimi, kafin a yanke hukunci, don kuskuren kwafin lamba yana faruwa. Ƙirƙirarren manazari laifi ne da ake iya nunawa a gaban kwamiti, ba sai an tabbatar da wanda ya rubuta aikin ba.

Sai a raba makin bisa matakai: shafi ɗaya na tsari a mako na biyu, daftarin farko a mako na huɗu, aikin ƙarshe tare da ɗan bayanin abin da aka sauya da dalili. Tarihin gyara na Google Docs ko Word yana taimakawa, domin yana nuna ko an gina rubutun a hankali ko an liƙo shi gaba ɗaya. Amma mai wayo na iya kallon allon waya yana sake bugawa da hannu, wani kuma yakan rubuta a takarda sannan ya shigar a zama ɗaya. Alama ce, ba hukunci ba.

Wanda ya fi ƙarfi a ganina shi ne kare aiki da baki. Minti biyar sun isa: me ya sa ka zaɓi wannan hanya, me wannan jadawali ke nufi, me zai sauya idan aka cire wannan hujja? Wanda bai yi aikin ba yakan tsaya cak a tambaya ta biyu. Matsalar ita ce lokaci. Aji mai ɗalibai 200 yana buƙatar minti 1,000, kusan awa 17, ban da shiga da fita. Dole a raba da mataimakan malami, ko a zaɓi wasu ta ƙuri'a bayan an sanar tun farkon zango cewa kowa na iya faɗawa ciki. Ɗalibi mai in'ina ko tsananin fargaba kuma a ba shi damar amsawa a rubuce a gaban malami.

Jami'ar Sydney ta Ostareliya ta raba tantancewa gida biyu: ɗaya ƙarƙashin sa ido, inda ake tabbatar da abin da ɗalibi ya sani da kansa, ɗaya kuma a buɗe, inda aka yarda ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya faɗi yadda ya yi. Wannan ya fi dokar hani da babu mai iya tabbatar da ita. Sai dai kowane kwas ya rubuta ƙa'idarsa dalla-dalla: gyaran nahawu ya halatta? Fassara fa? Taƙaita maƙala? Malami kuma kada ya kwashi aikin ɗalibi da sunansa da lambarsa ya zuba a manhajar da jami'a ba ta da yarjejeniyar kare bayanai da ita, ko don dubawa ko don neman hujja a kansa.