Tabaran Hajiya

Yau na raka Hajiyarmu yin sabon tabarau. Idonta ba ya hangen nesa, lambar gilashin da likita ya rubuta mata ta kai -6, irin gilashin da tsakiyarsa siririya ce, gefensa kuma kauri. Ita babban firam take so. Mai haɗa gilashin ya ɗora mata shi, ya ce, "Hajiya, dubi karan hancina," ya ɗiga alama a kan gilashin da alƙalami daidai ƙwayar kowane ido. Ya ce in tsakiyar gilashin ta kauce wa ɗigon da 'yan milimita, ciwon kai zai iya biyo baya ko da lambar likita daidai take. Sai ya lallashe ta ta ɗauki ƙaramin firam, domin iya faɗinsa iya kaurin gefen.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda bai ɓoye mata komai ba. Gilashin 1.67 ya fi na 1.50 siranta (waɗannan lambobin na nau'in gilashi ne, ba na likita ba), amma ya fi tsada, kuma yakan nuna ɗan launi a gefen fitila da dare. Kowane zaɓi da abin da ake sadaukarwa. Wallahi na ji daɗi da ya bar ta ta zaɓa da kanta, tana sane da abin da take saya.