Kafin a miƙa wa yarinya mai goyo keken ɗinki

Duk mai bibiyar rabon tallafi a Kaduna ya san yadda abin ke gudana: a tara 'yan mata a ɗakin taro, a raba keken ɗinki ko injin markaɗe, a ɗauki hoto, a watse. Kafin wata uku keken ya koma kasuwa, ko yana lulluɓe da zani a ƙuryar ɗaki. Ba lalaci ne ya jawo haka ba. Yarinyar da jaririnta ke zazzaɓi, ba ta da mai riƙe mata shi, kuma sai an ba ta izini take leƙa ƙofar gida, ba ta da halin zama gaban keke. Sana'a ita ce matakin ƙarshe a aikin tallafa wa yarinya mai ciki ko goyo, mu ma'aikatan tallafi kuma mun saba farawa da ita.

Zaman farko mace ce ya kamata ta yi shi, ita da yarinyar kaɗai, ba uwa ba miji ba uwar miji a wurin. Tambayoyin ba su da yawa: ina kike kwana, me kika ci tun safe, akwai mai dukanki, yaya aka yi cikin ya samu. Ta ƙarshen nan ba a gaggawarta, kuma ba a yinta da muryar tuhuma. A ƙarƙashin dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Idan fyaɗe ne, akwai cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da na Gambo Sawaba a Zariya, da na Patrick Yakowa a Kafanchan. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120. Abin da ke cinye wannan lokaci shi ne zaman sasanci: iyaye su kwana uku suna kai-komo tsakanin dangi da mai unguwa don a rufa asiri. A kai ta asibiti tukuna, sauran magana ta biyo baya. Fayil ɗinta kuma lamba ake sa masa, ba suna ba, hotonta kuwa ba shi da abin yi a Facebook ko WhatsApp, ko da mai ba da tallafi ya nema.

Daga nan sai a gano wanda maganarsa ke aiki a gidan. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ma'aikata da yawa ke sakaci. Idan matar aure ce, miji ne ke ba da izini da kuɗin mota, amma sau da yawa uwar miji ce ke yanke ko za a je awo ko ba za a je ba. A je mata da girmamawa: "Hajiya, 'yarki ce, jikanki ne a cikin nan, so muke ki riƙa rako ta." Wadda aka nemi shawararta ba ta cika hanawa ba. Daga wurin miji kuma a nemi izini na dindindin, a gaban mahaifiyarsa, cewa duk lokacin da naƙuda ta zo ko jini ya ɓalle za a tafi asibiti ko yana kasuwa ko ya yi tafiya. Idan cikin ba na aure ba ne, akasari ɓoye ta ake yi ko a tura ta ƙauye. A nemo mutum ɗaya cikin dangi, goggo ko inna ko kaka, wadda za ta tsaya mata. Raba yarinya da danginta sai in rayuwarta na cikin haɗari a gidan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas, na farko cikin mako 12 na farkon ciki. Ana ba da maganin ƙarin jini na sha kullum, da allurar rigakafin cutar tetanus sau biyu da tazarar mako huɗu, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro daga mako na 13, aƙalla sau uku da tazarar wata guda. Yara da yawa na daina shan maganin ƙarin jini saboda tashin zuciya ko don bayan gida ya yi baƙi. A faɗa musu tun farko cewa hakan ba illa ba ce. Akwai kuma goyon ciki: a wata na bakwai yarinya ta bar Rigasa ta koma gidan iyayenta a Giwa ko Soba, katin awo ya zauna a nan, awo ya yanke daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Katin ya bi ta, a kuma san asibitin da za ta ci gaba.

Masu ƙananan shekaru sun fi shiga haɗarin jijjiga da doguwar naƙuda. Matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zubar jini, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk na asibiti ne nan take. Doguwar naƙuda ce ke haifar da yoyon fitsari, yankan gishiri kuma ƙara ɓarna yake yi. Tun wata na bakwai a tanadi lambar mai keke Napep biyu da ke fita da dare, da kuɗin mota a ɗaure gefe, da ɗan'uwa mai ba da jini.

Bayan haihuwa kunyar ɗan fari ce ke shiga tsakani. Yarinya na zaune, jariri na kuka a hannun kaka, ita ta sunkuyar da kai don kada a ce ta nuna so. Sai a ɗura masa ruwa, a matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafinsa na farko. A roƙi kaka ta ware mata ɗaki inda za ta shayar ba idon kowa, nono zalla har wata shida. Kunun kanwa mai yawa da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa na wahalar da zuciyar mai jego, likitocin Zariya sun daɗe da rubuta haka. Mai jego da ke haki ko ƙafarta ta kumbura a kai ta a duba. Wadda ta daina magana, take kuka ba dalili, ko ta ƙi kallon ɗanta, ba rashin tarbiyya ba ne, ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Rigakafin jariri yana farawa ranar haihuwa, sai mako na 6, na 10, na 14, sai wata tara. A yi masa takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ko da uban ya ƙi bayyana. A kuma buɗe maganar tazarar haihuwa ta aƙalla shekara biyu, da mijin a zaune.

Sai yanzu maganar makaranta da sana'a. Kaduna na cikin jihohi bakwai da shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa ilimin 'yan mata, ya fara da su, kuma akwai ajujuwan yaƙi da jahilci, amma tambayar da ke yanke komai ita ce wa zai riƙe yaro daga ƙarfe takwas zuwa azahar. In ba a amsa ta ba, rajista kawai aka yi. Ɗinki na cin shekara ko fiye kafin ya kawo kuɗi, kuma kowane layi da telarsa. Awara, ƙuli-ƙuli, kitso ko lalle sun fi saurin juyawa, ana kuma yinsu a cikin gida. Jarin a raba shi biyu: kashi na biyu sai an ga ta iya ware uwar kuɗi daga riba a littafi. A sa ta cikin adashen mata 15 zuwa 25 na unguwarsu, domin ranar da yaro ya kwanta ciwo ta samu inda za ta ranta ba tare da ta taɓa jari ba. Idan mijin ma matashi ne da ba shi da abin yi, a haɗa shi da wani oga a kasuwar ƙere-ƙere ta Panteka ko garejin unguwa, in ba haka ba jarinta ne zai zama kuɗin cefane.

Ziyara kuwa mako-mako ce har a yi arba'in, daga nan wata-wata. Ba a rufe fayil sai katin rigakafi ya cika zuwa na wata tara, yarinyar ta yi zango biyu a aji ko wata shida tana juya jarinta, kuma akwai babba a gidan da ya san asibitin da za a nufa in wani abu ya taso.