Titin gwamnati ko na masu gidaje: darussa daga unguwannin da ke saman dam

A jihar North Carolina ta Amurka, duk wanda zai yanka filaye a yankin da ruwansa ke gangarawa dam ɗin ruwan sha, titi ne ke fara cin lissafinsa. Bisa wata dokar 1989 aka kasa waɗannan yankuna aji biyar, daga WS-I zuwa WS-V, aka ƙayyade yawan ƙasar da za a rufe da abin da ruwa ba ya ratsawa: rufin gida, daɓe, kwalta. A ajin WS-II, kaso 12 cikin ɗari ne, ko gida ɗaya a eka ɗaya. Idan filin yana cikin rabin mil daga bakin dam, sai ya koma kaso 6.

Ga yadda titi ke cinye rabon. Fili eka 10, idan aka bi lissafin kaso, eka 1.2 kawai za a rufe. Titi mai tsawon ƙafa 1,000 da faɗin ƙafa 18 ya ɗauki kusan eka 0.4, wato kashi ɗaya cikin uku, tun ba a ɗora bulo ko ɗaya ba. Wannan ke sa masu yanka filaye karkata ga titin kashin kai: a matse faɗinsa, a zuba tsakuwa, a kauce wa ƙa'idojin hukumar sufuri ta jiha, NCDOT. Sai dai tsakuwar da mota ta danne, lissafinta ɗaya da kwalta, domin ruwa ba ya shigarta. Wadda doka ta ware ita ce tsakuwa lamba 57 da aka shimfiɗa kauri inci 4 a kan ƙyallen tace ƙasa, ita kuwa ba ta jure zirga-zirgar kullum. Matse titin ma yana da iyaka, tunda motar kashe gobara na buƙatar sararin ƙafa 20.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rubutun da ke kan taswirar filaye. An rubuta "titin jama'a" ba ya nufin gwamnati ta karɓe shi. A wannan jiha gundumomi ba sa gyaran titi, tun 1931 jiha ta ɗauke musu wannan nauyi. A wajen birane, NCDOT ce kaɗai ke karɓa, kuma sai an gina titin bisa ma'auninta, an shigar da takardar roƙo, an samu gidajen da ake zaune a ciki, aƙalla biyu a kowane kashi ɗaya cikin goma na mil. Kafin gidajen su cika, manyan motocin siminti da katako sun farfasa kwaltar, mai yanka filayen ya sayar ya kama gabansa. Hukuma ta ce sai an gyara za ta karɓa, mazauna su ce ba nasu ba ne. Titi ya zama maraya. Maganinsa tun farko ne: a riƙe kuɗin jingina daga mai filayen har ranar da aka karɓi titin a rubuce, kuma a jinkirta shimfiɗin kwalta na ƙarshe sai gine-gine sun yi nisa.

Titin kashin kai ba laifi ba ne idan an san mai biya. Doka ta tilasta a ba mai saye takardar da ke bayyana matsayin titin da wanda zai gyara shi, amma kaɗan ne ke karantawa ranar sa hannu. Yarjejeniyar gyara ta zama an yi mata rajista tare da takardar fili, ta faɗi kason kowane gida da hukuncin wanda ya ƙi biya, a kuma ware asusun sauya kwalbati.

Ruwan dam kuwa bai damu da mai titin ba, laka ce ke kai masa. Titin tsakuwa na buƙatar tudu a tsakiya, gangaren kusan kaso 4 zuwa kowane gefe. Idan mai gireda ya baje shi ya zama shafal, ruwa sai ya bi sawun taya, ya haƙa rami, ya kwashe ƙasar zuwa rafi. A riƙa karkatar da ruwan lambatu zuwa cikin ciyawa tun bai yi ƙarfi ba, a bar aƙalla ƙafa 30 na tsirrai a bakin rafin da ba ya ƙafewa, ƙafa 100 idan ginin mai cunkoso ne. Kwalbatin ƙofar gida kada ya gaza inci 15, a jera duwatsu a bakin da ruwa ke fita. Ƙaramin bututu ganye ke toshe shi, ruwa ya haye titi ya yanke shi.

Guguwar Helene ta Satumbar 2024 ta tafi da tituna da gadoji masu yawa na kashin kai a tsaunukan yammacin jihar, har sai da majalisa ta ware musu kuɗi na musamman, domin ba sa cikin waɗanda hukuma ke gyarawa. Ko titin da gwamnati ta karɓa ma, iyakarta filin titin. Tafkin tare ruwan sama da ke wajensa yana nan a wuyan ƙungiyar masu gidaje, su za su yashe shi, su gyara bakin fitarsa.