Babur ɗin da ƙafata ke kai ƙasa a kansa

Tsawona santimita 163 ne. Shekara shida ina hawan Boxer tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo, inda nake aiki, ban taɓa damuwa da tsayin kujera ba. Mashin ne mara nauyi, in ya karkata ƙafa ɗaya ta isa ta tare shi. Sai da na fara neman babur na gudu mai matsakaicin inji na gane lissafin ya sha bamban.

Wani abokina ya ba ni Yamaha R6 ɗinsa in ɗana. Kujerarsa milimita 850 ce daga ƙasa. Tafiyar ta yi daɗi, amma da na zo tsayawa a gefen hanyar Argungu, daidai inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara, babban yatsana kaɗai ya taɓa ƙasa. Rairayin ya zame, mashin ya kwanta da ni. Madubi ya karye, robar gefe ta kankare. Na biya gyara, amma har yau ina jin nauyin abokin nan.

Daga nan na koma bincike. Yamaha R3 mai inji 321cc, kujerarsa 780 ce. Kawasaki Ninja 400 da Honda CBR500R duk 785, Ninja 650 kuma 790. A takarda tazarar duka santimita ɗaya ce, har na ɗauka ko wanne na samu shike nan. Allah ya sa na daure na tafi Abuja wurin masu sayar da 'yan Kwatano, na hau kowanne na zauna. CBR500R ya haura kilo 190, Ninja 400 bai kai 170 ba. Kilo ashirin da wani abu ba ka jin su a kan gudu, amma ka tsaya a ƙasa mai gangare, ko ka ce za ka tura shi baya da ƙafa ka fita daga zaure, za ka san da su. Akwai kuma faɗin kujera wajen da ta haɗu da tanki. In ta yi faɗi tana buɗa cinyoyi, sai ƙafa ta ƙara gajarta. A Ninja 400 wurin siriri ne, ƙafafuna suka sauka tsaye. Shi na saya.

Niyyata in sa ƙarfen da ke saukar da bayan mashin. Bakanikena, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya tsuguna ya auna ƙasan injin da tafin hannu, ya ce: "Ɗana, in ka sauke wanga mashin, duk tudun rage gudu da ke cikin gari sai ya daki cikinsa. Ƙafar jinginar ma sai an yanke ta, in ba haka ba ya tsaya cak, iska ta kayar da shi."

Na ce, "To Baba, mene ne abin yi?"

Ya sassauta shakazoba ta baya daidai nauyina, ya tura ni wurin mai ɗinkin kujerun mota. Mutumin ya ɓare fatar, ya sa wuƙa ya fere soson kaɗan a sama, ya fi ragewa a gefe da gefe, yana yi ina hawa ina gwadawa har sau uku. Kujerar ta ɗan yi tauri, tafiyar Sakkwato sai na tsaya na huta a hanya, amma na yarda da cinikin.

Na bar hawa da silifa, na sayi takalmi mai rufe idon sawu mai kaurin tafi, ga hular kwano ko a zafin watan Afrilu. Na kuma daina neman sauke ƙafa biyu. Kafin in tsaya nakan duba inda ƙasa ta fi tauri, in zame kaɗan zuwa hagu, in dasa tafin ƙafar hagu gaba ɗaya, ta dama na kan birki. Makon jiya na koma gefen hanyar nan ta Argungu na tsaya a cikin rairayin, na kashe inji, na sha ruwa ina zaune a kai.