Kafin Mu Kai Sunan Wani Gaban Ubangiji

A majami'armu ta nan Tawa, taron addu'a na ranar Laraba da marece yana da tsarin da kowa ya sani, ko da yake ba a rubuta shi ko'ina ba. Ana farawa da waƙoƙin yabo, ƴan zumuntar mata suna buga tulu, sannan a yi shiru kowa ya sunkuyar da kai, sai bayan haka dattijo ya warware ƴan takardun da aka ninke aka zuba cikin kwando: sunan mara lafiyar da aka kai asibitin Galmi, sunan saurayin da ya tafi Aljeriya neman aiki har yau babu labarinsa, sunan ɗalibar da ke jiran sakamakon jarrabawa. Akwai masu ƙorafin cewa yabon yana cinye lokacin roƙo, gara a taƙaita shi a shiga abin da ya tara mu. Ni a ganina sun juya al'amarin baya gaba.

Wanda bai fara durƙusawa ya tuna ko wane ne Allah ba, roƙonsa kan koma umarni, ya riƙa faɗa wa Ubangiji abin da zai yi da ranar da zai yi shi. A littafin Farawa sura 18, Ibrahim ya tsaya yana roƙon Allah kada ya hallaka birnin Saduma idan aka sami masu adalci a cikinsa, ya sauko daga 50 har zuwa 10, amma tun a tsakiyar maganar ya kira kansa turɓaya da toka, kuma da Ubangiji ya gama magana da shi, ya koma gida bai ƙara ja ba. Birnin ya hallaka, Lutu kuwa, ɗan ɗan'uwan Ibrahim da ke zaune a can, ya tsira, kuma sura 19 ta ce saboda Allah ya tuna da Ibrahim ne. Amsar ba ta zo da siffar da ya nema ba, amma roƙonsa bai faɗi ƙasa banza ba.

Nan ne miƙa wuya ke shiga, kuma nan ne wuyar take. Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya bar nufinsa ya ɗauki na Uba, kuma wannan bakin ne washegari ya nema wa masu gicciye shi gafara. Da bai miƙa kansa da daddare ba, ban ga yadda zai iya yin addu'ar rana ba.

Mu Kiristocin Nijar mun ɗanɗana wannan a watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram ranar 16, a Yamai kuma ranar 17. Yi wa maƙwabcin da ya ɓoye ka a ɗakinsa addu'a abu ne mai sauƙi, kuma Musulmi da suka yi wannan alheri ba kaɗan ba ne. Amma ambaton wanda ya cinna wutar, a roƙa masa alheri maimakon sakayya, ba ya fita daga bakin mutumin da har yanzu yake riƙe da haƙƙinsa a hannu. Shugabannin ikilisiyoyi da suka fito fili suka ce sun yafe, sai da suka fara ajiye toka da asararsu a gaban Allah cikin sujada kafin harshensu ya iya furta ta.