Kafin ki ce Sista za ki zama

'Yar ƙanena ta tare ni bayan Misa a harabar cocin Our Lady of Fatima da ke Sabon Gari, ta ce, "Gwaggo, na yanke shawara, Sista zan zama." Wato tana so ta shiga cikin matan Katolika da ke keɓe kansu ga Allah, ba sa aure. Na tambaye ta dalili. Wai tana son koyarwa, tana son yadda ake girmama su, har ƙasar waje ake tura su karatu. Na ce addu'a fa? Ta ce, "Ai wannan zai zo da kansa." Idonta ko ɗagawa bai yi daga kan waya ba.

Gabana ya faɗi, don da irin wannan tunanin ni ma na shiga, kuma shi ya fito da ni.

Ina yarinya nake ganin Sistocin St. Louis, waɗanda suka zo Kano tun 1948 suka kafa makarantar 'yan mata. Aikinsu na gani, ban taɓa tambayar ƙarfe nawa suke tashi ba. Da na shiga wata ƙungiyar Sistoci a wajen Kano na tarar da abin da ke bayan ƙofa: ƙararrawa tun duhu, Zabura da safe, Misa, addu'ar Angelus da tsakar rana, addu'ar maraice, Rosari (addu'ar carbi), addu'ar dare, sannan shiru har gari ya waye. Kullum haka, da mutanen da ba ke kika zaɓe su ba.

Ni kuwa aiki nake so. A ba ni aji ko ɗakin girki, ba na gajiya. A ɗakin addu'a kuma bakina na bin Zabura, zuciyata na lissafin aikin gobe. Na fara makara, daga baya na koma neman uzuri, ina cewa hidimar talaka ita ma addu'a ce. Har yau ina ganin akwai gaskiya a maganar nan, kuma babu wadda ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake yin shiru gaban Allah. An miƙa mini littafi ne kawai. To amma ni ma ban tambaya ba. Girman kai ya hana ni in ce ban iya ba.

Lokacin gwaji, wanda dokar Ikilisiya ta ce kada ya gaza wata 12, ban kai ƙarshensa da zuciya ɗaya ba. Talauci bai kore ni ba, zaman rashin aure ma haka. Biyayya ga ƙararrawa ce ta gagare ni. Na yi aure, Allah ya ba ni 'ya'ya, ba na nadamar su. Nadamata ita ce na zauna gidan addu'a na fito ban iya addu'a ba.

Bishop ɗinmu, John Namaza Niyiring, ɗan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne, kamar Paparoma Leo XIV. Ƙa'idar Agustin ta ce a dage da addu'a a lokutan da aka tsayar, abin da baki ke faɗa kuma ya kasance a zuci. Tushenta Ayyukan Manzanni 4:32, inda masu bi suke da zuciya ɗaya da rai ɗaya. Ku 'yan Kano ba ku da uzuri. Kuna jin kiran asuba kullum, kuna ganin ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya bar ciniki ya tafi sallar azahar. Ku kuwa Rosari ɗaya ba kwa iya gamawa sai kun duba saƙo!

Na so in jera muku shawarwari da yawa, amma kaɗan ne. In ba ki iya zuwa Misar safe ranakun aiki, ba wanda ya tashe ki, kada ki je gidan Sistoci, za ki ɓata lokacinsu da naki. Ko kuwa ki je ɗin, tun da a can ake koyo, amma ranar farko ki buɗe baki ki ce ba ki iya ba. Ki kuma nemi Fada ko Sista dattijuwa da za ki riƙa gaya wa gaskiyar zuciyarki, ba ƙawayen WhatsApp ba. Kafin ki rubuta takardar neman shiga, ki roƙi su bar ki ki kwana 'yan kwanaki a gidan, ki tashi da ƙararrawarsu.