Alhamdulillahi an kare kundi, ga godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Tun ranar Laraba nake ɗaukar waya ina ajiyewa, saƙonni sun yi yawa wallahi na rasa ta inda zan fara amsawa, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani. Allah cikin ikonSa na kare kundina na digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar Bayero, ekstanal, wato mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, ya sa hannu, saura 'yan gyare-gyare da zan kai a yi bayindin. Alhamdulillahi.

Waɗanda suka san ni sun san malamar firamare ce ni, aji biyu, nan Kazaure. Ranar da na ce zan sayi fom a 2019 wata ƙawata dariya ta yi, ta ce ke da kike fama da ba be bi bo bu me za ki yi da dakta? Ban ji haushi ba don ni ma tambayar tana cina a rai. Kuma tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na ilimi, da ake ta cewa in nema, na malaman manyan makarantu ne, jami'a da kwalejin ilimi da foliteknik, mu 'yan firamare ba mu ciki, don haka kuɗin rajistar farko kwasar adashe ce aka haɗa da ɗan kunnen zinaren lefena. Matan adashenmu da suka yarda aka juya min kwasa biyu ba layina ba, na gode, ban manta ba. Tiransikirif kuwa, makarantar da na yi digirin farko sai da na je sau huɗu ana cewa fayil bai fito ba, ƙarshe wani dattijon masinja ne ya tsuguna ya zaƙulo shi a ƙasan kabad duk ƙura, ko sunansa ban tambaya ba don rawar jiki. Baba duk inda kake Allah Ya biya ka.

An ba ni adimishan, ko kwasa-kwasai ba mu gama ba sai ga korona a Maris ɗin 2020, ga yajin aikin malaman jami'a na wata tara a shekarar, 2022 kuma aka sake wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abin da na lissafa shekara uku ya tashi a shida.

Sufabaizana, Baba Farfesa, ban san da wane baki zan gode maka ba. Furofozal ɗina na farko, wato tsarin binciken da zan yi, wai a kan matsalolin ilimi a Arewa gaba ɗaya na rubuta, ya duba shafi biyu ya ajiye ya cire gilashi ya ce Malama wannan ai wa'azi ne ba bincike ba, a ajinki yara nawa ne za su iya karanta layi ɗaya su kaɗai? Na yi tsit. Na fi shekara goma a aji amma ban taɓa ƙirgawa ba. Daga nan batun ya koma kan fara koya wa yaro karatu da Hausa kafin a ɗora masa Turanci. Shi ya tura ni in karanta aikin da su Farfesa Fafunwa suka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya kuma nuna min cewa tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya yi maganar harshen uwa a azuzuwan farko. A takarda ke nan. A aji kuwa mu malamai mun san abin da muke yi, littafin Turanci a hannu, bayani da Hausa, jarrabawa da Turanci, yaro ya haddace ya rera kamar waƙa amma ka rufe hoton ka nuna masa kalmar sai ya zuba maka ido. Ranka ya daɗe jan bironka ya sa ni kuka ba sau ɗaya ba, babi na biyu kaɗai sau biyar ya dawo, amma ranar difens, wato kare kundi, duk tambayar da aka jefo sai in tarar ka riga ka taɓa yi min ita a ofis. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Amma gaskiya in ana maganar masu wannan digiri to malaman ƙauyukan da na yi aiki da su ne da yaransu. Farkon 2023 na fita fili, daidai lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, ka je wajen mai POS ya ce babu, ɗan acaɓa kuma ba ruwansa da taransifa. Akwai hedimastan da ya zaro ɗari biyar ɗinsa ta ƙarshe ya biya min mashin ya ce Malama je ki kawai, ni ƙafata ta saba. Gwajin namu na minti ɗaya ne, a ba yaro takarda a danna agogo a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, yaro ɗaya bayan ɗaya a gindin darbejiya don babu ɗakin da ba hayaniya. Wata yarinya ba zan manta ta ba, a zagayen farko ko harafi ba ta furta ba, sai murza bakin hijabinta take yi har minti ya cika. Da muka dawo bayan zango, ta ɗora yatsa ta fara a hankali, ka ka, kaka, ta, da fa, wa ke, sai ta tsaya ta ɗago kai ta ce min Malama wai kaka ta dafa wake! Ita da kanta ta ji takarda ta yi mata magana. Na manta ban tsayar da agogon ba ma, sai da aka sake gwajin. Malamarta mai NCE ce da ba ta taɓa tambayata ko sisi ba, kullum sai ta yi min dambu in taho da shi.

Sai abokiyar aikina da ta riƙe min aji duk Alhamis shekara da shekaru, ta haɗa nata da nawa a ɗaki ɗaya, ni kuma ina cikin mota hanyar Dambatta, in sauka in hau adaidaita zuwa titin Gwarzo inda jami'ar take. Yaya, muryarki da take dishewa duk Juma'a na san dalilinta. Hedimastanmu shi ma bai taɓa ɗaure min fuska ba.

Laftof ɗina ya mutu da babi na huɗu a ciki, laifina ne kuma, an sha gaya min in ajiye a filash ina cewa gobe. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba, sai ɗan yayana ya tuna na taɓa tura masa ta imel ya buga min. Yaron nan shi ya zauna da ni a kan SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, har na gane ANCOVA, lissafin kwatanta sakamakon rukunin yara, da kaina ba haya na ɗauko ba, Allah Ya yi maka albarka.

Abban yara, bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi na ce zan haƙura, ka ce ai an wuce rabin kogi ba a komawa. Na gode. Inna da ta yi rainon autana tun yana shan nono, ta yaye min shi, Allah Ya sa Aljanna ce sakamako. Mahaifina da ya ƙi a cire ni daga makaranta lokacin da dangi suka taso shi a gaba bai ga wannan rana ba, ya rasu ina tsakiyar karatun, don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, Allah Ya jiƙansa Ya haskaka kabarinsa.

Waɗanda na ƙi zuwa bikinsu da sunansu, har da ta'aziyyar da na yi ta waya, ku yafe min don Allah, ba wulaƙanci ba ne.

Jiya na shiga aji yara suka miƙe da ihu wai Malama ta zama dakta, wani ya ɓuya a bayan benci yana cewa shi ba ya son allura, da ƙyar na lallashe shi ya fito. Akwai 'yar walima ranar Asabar bayan la'asar a gida, mata ku zo da wuri a taya ni tuyar waina.